Gardamar da Muka Yi a Motar Surukina

Ni da surukina ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Ba faɗa muka yi ba, haka muka taso muka tarar, shi a Katsina, ni a Kaduna, kuma zaman Riyad bai rage mana komai daga ciki ba. In na je gidansa a Murabba, tun daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi, in durƙusa nesa da kujerarsa, in gaishe shi idona a kan kafet. Ya tambayi aiki, in ce alhamdulillahi. Ya tambayi zafi, in ce lokacinsa ne. Daga nan zance ya ƙare, ya jawo jarida, ni kuma in sulale ciki wurin Mama, uwar matata, inda ake iya dariya. Matata ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, "yarinyar nan" yake ce mata. Ni kuwa Injiniya ne a bakinsa, shi ma sai in babu makawa.

Baba, wato surukin nawa, likitan yara ne. Ya daɗe a Riyad har wasu jariran da ya duba sun dawo masa da nasu jariran. A nan matata ta girma, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, kuma wannan kunya tamu ba ta taɓa shiga kanta ba. Ni daga baya na zo, wani kamfani ya ɗauko ni aikin lantarkin manyan gine-gine. Muka kama haya a wani tsohon bene a Ulaisha. Mota ba ni da ita. Ranar hutu in za mu je Batha cefane, sai dai mu tsaya a rana muna ɗaga wa tasi hannu.

Ana haka sai Baba ya ce in riƙa ɗaukar motarsa daga yammacin Alhamis zuwa Asabar, tunda shi a ranakun ba ya wuce masallacin unguwa. Ba ni ya faɗa wa ba. Ya faɗa wa Mama, Mama ta faɗa wa 'yarta, 'yarta ta faɗa mini. Ta wannan hanya kowane saƙo yake bi tsakaninmu, godiyata ma ta nan ta koma.

Ranar farko na shiga motar da ladabi, kamar mai ita yana zaune a baya. Tsohuwa ce 'yar Japan, fes da ita, da carbi rataye a madubi. Na zaci ina murɗa makulli zan ji karatu ko labarai. Sai jita ta fashe mini a fuska, irin mai lantarkin nan mai gurnani, ganga na biye da ita. Na yi sauri na rage sautin, na waiga hagu da dama kamar ni na aikata wani abu.

Na san waƙar. Ai da irinta na girma. Yayana yana da kwali guda na kaset ɗin kiɗan rok na da, na Turawan nan masu dogon gashi waɗanda suka yi tashe tun kafin a haife ni, kuma tun ban san abin da suke faɗa ba na haddace inda kowace ganga take faɗowa. Abokaina sun sha yi mini tsiya, wai ina sauraren ƙarar injin niƙa. Da na zo Riyad na tarar da jama'armu likitoci ne da injiniyoyi da ɗaliban ilimi masu gemu da natsuwa, sai na ninke abina na ɓoye. Ba wurin da za ka zauna ana maganar fiƙihu ka ce kai mai jita kaza ne gwaninka.

Da na ba matata labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce ai Baba ke nan tun yana ɗalibi. Lokacin da ya je ƙaro karatu Ingila, abokansa sun dawo da akwatunan kaya, shi ya dawo da akwatin faya-fayai, har yau Mama ba ta gama mita ba. Ta ce ita da wannan hayaniya aka riƙa kai ta makaranta, shi ya sa ba ta son ko jin ta.

"Yalla, ka yi masa maganar mana," in ji ta. "Kun samu abin hira, khalas, shi ke nan."

Yarinyar Riyad ce, ba laifinta ba ne.

Faifai ɗaya ne a motar, amma waƙoƙin da ke cikinsa sun fi a ƙirga a tafiya guda. Rediyon kuma irin wanda yake ci gaba daga inda aka kashe shi ne. Da farko ina kiyayewa: in na gama jin abin da zan ji, sai in mayar da faifan kan waƙar da na tarar, in gyara kujera yadda take, in miƙa wa Mama makulli. Wata Asabar muka dawo daga Batha da kaya niƙi-niƙi, ga cunkoso, ga yunwa, na manta. Sai da muka isa gida na tuna na bar shi a kan wata gajeriyar waƙa mai zafi, wadda mawaƙin yake ihu kamar an taka masa ƙafa. Tawa ce ta hannun dama. Duk makon nan ban sake ba, ina ta tunanin da wane ido zan gaishe shi.

Alhamis na tayar da mota, sai na tarar da wata waƙar daban, kuma daidai farkonta. Wanda ya isa gida ya kashe mota, a tsakiyar waƙa yake barin ta. Wannan kuwa da gangan aka mayar da ita baki aka ajiye. Na zauna a wurin ban motsa ba har ta ƙare. Doguwa ce, tana farawa da jita ɗaya siririya, a hankali, ta daɗe tana tafiya ita kaɗai kafin ganguna su shigo, can wajen ƙarshe kuma mai jitar ya sake ta ta yi ta kuka. Na gane abin da ake gaya mini. Cewa aka yi: yaro, ga waƙa.

Ban iya haƙuri ba. Ranar Asabar na zaɓo wata, na mayar da ita farko, na kashe mota.

Haka muka fara gardama a kan wace waƙa ce ta fi kowacce a duniya, kuma muka shekara muna yi ba wanda ya buɗe baki. Baba mutumin dogayen waƙoƙi ne, masu ɗaukar lokaci kafin su faɗi abin da ya kawo su. Ni kuwa ina son wadda za ta shigo ta yi abin da za ta yi ta fita kafin danja ta ba da hannu. In na bar masa mai ihu, ya ba ni amsa da mai fiyano, kamar dattijo yana cewa zauna mu yi magana. In na kawo mai ganga biyu, ya kawo wadda mutum uku kacal suka yi amma ta cika mota. Akwai ranar da na wuce gona da iri na bar masa wata mai kururuwa tun daga farko har ƙarshe. Alhamis na tarar da rediyon a tashar labarai. Wannan mari ne, kuma na karɓa. Akwai kuma ranar da na tarar da waƙar da ni na bari, an sake mayar da ita farko. Ya yarda ke nan wannan karon na yi gaskiya. Duk hutun nan baki har kunne nake, har matata ta zaci ƙarin girma aka yi mini a wurin aiki.

Amma kome muka zaga, sai ya dawo kan doguwar nan mai siririn farko. Ita ce tasa. Ni kuma na ƙi sallamawa, don a ganina rabin waƙar jira ne.

Wani lokaci nakan tarar da waƙa a tsakiya, an dakatar da ita da hannu. Sai in san kiran sallar la'asar ne ya same shi a hanya, don ni ma haka nake yi, da an ce Allahu akbar hannuna ya kai kan maɓalli. Irin wannan ba na lissafa ta cikin gardama, sai in ƙarasa masa ita.

A falo kuwa ba abin da ya sauya. Ina durƙushe, yana bayan jarida. Abu ɗaya ne ya ƙaru a gaisuwar. Bayan aiki da zafi, sai ya ce, "Motar ba ta ba ka matsala dai?" In ce, "Lafiya lau take, Baba." Ya ce, "To madalla." Ina son mutumin nan ƙwarai, kuma a cikin waɗannan kalmomi na san shi ma ba ya ƙi na.

Har na sayi motata ban daina ɗaukar tasa ba. Yau in ce zan kai ta wanki, gobe canjin mai, jibi na ji wata ƙara a taya. Matata ta ce ba a taɓa motar da ta sha wanka kamar ta Baba ba. Shi kuma bai taɓa aiko da tambayar dalili ba, makulli yana hannun Mama duk Alhamis.

Ta wurin sauti na fara lura. Da can a ƙasa da rabi nake tarar da shi. Sai ya kai rabi. Sai ya wuce. Na ce ko ƙarar na'urar sanyaya motar ce ta ƙaru, na duba, ƙalau take. Na duba lasifikokin ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya mutu. Sannan na ga an murɗe wurin ƙara siririn sauti har ƙarshe. Bayan wannan zaɓinsa ya soma sauyawa. Ya bar masu fiyano da masu lallashi, ya koma ajiye mini masu ganga da ihu, irin nawa. Da farko har na yi murna, na ce tsoho ya sallama. Wata Alhamis na tayar da mota, sautin ya daki ƙirjina har madubi yana rawa, sai murnar ta koma ciki. Ba ra'ayinsa ne ya sauya ba. Su kaɗai yake iya ji yanzu.

Tsoro ya kama ni, don aikin Baba da kunne ake yin sa. Yini yake yana ɗora abin sauraren ƙirji a kan jarirai, kuma 'yar shaƙar da ke nuna ciwo a huhun jariri siririya ce, irin sautin da ya fara ɓace masa. A gida ba wanda zai gane. Mutum ne marar yawan magana, kowa daga nesa yake yi masa zance, shi kuma kome aka ce amsarsa "to madalla". A asibiti dattijo ne da ake jin nauyinsa, wa zai tunkare shi? Ga shi a shekarunsa kwantiragi duk shekara ake sabunta masa, da ƙyar. In asibitin ya ji, ba lallai su sabunta ba, iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma a hannunsu take. In kuma aka yi shiru, wata rana wani jariri zai koma gida da ciwon da ba a ji ba.

Na gaya wa matata. Ita ba ta iya kwana-kwana ba, ta je ta same shi ta faɗa masa da Larabci, gatsau. Ya ce kunnensa ƙalau, su yaran yanzu ne suke magana a cikin hanci. Ta dawo ta ce ta faɗa, khalas. Mama kuma ta ce ai shi tun fil azal abin da ya ga dama yake ji.

Ba a jima ba sai saƙo ya biyo hanyarsa ta kullum. Baba ya ce a gaya wa Injiniya rediyon motar ya lalace, akwai waƙar da farkonta ba ya fita, sai can tsakiya take kamawa. In da hali a duba.

Na san wace waƙa ce tun kafin in kunna. Jitar tana nan ras, ba abin da ya same ta.

Na yi ta juya abin a raina. In na mayar da amsa ta bakin matata da Mama, kafin ta isa an tausasa ta har ta zama ba komai. Akwai kuma hanya mai sauƙi, aikina ne: in sayo ƙaramar na'ura a Batha in ɗaura, ta ɗaga masa siririn sautin, ya ji waƙarsa, a ce Injiniya ya iya gyara, kowa ya riƙe mutuncinsa. Har na je shagon na ɗauki na'urar na juya ta a hannu. Wata mata ta shigo da jariri a kafaɗa yana tari. Na ajiye na fito.

Ranar Asabar bayan la'asar na tsayar da motar a inuwar benensu, na roƙi Mama ta ce wa Baba ya sauko ya ga gyaran. Ya sauko da jallabiyarsa ta zaman gida, ya zauna a mazaunin direba. Ni na tsaya a waje ta wajen taga, hannuwana a baya. Ya dubi ranar, ya dube ni.

"Shigo mana, Injiniya. Zafi."

Na zagaya na shiga. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Na mayar da sautin rabi, na kunna waƙar. Jitar ta fara tafiyarta. Baba ya zuba wa rediyon ido, lambobin lokaci suna tafiya.

"Ka gani," in ji shi. "Shiru."

Idona a kan gwiwata na ce, "Tana yi, Baba."

"Na'am?"

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. "Jitar tana yi, Baba. Ina jin ta."

Na ga bai yarda ba. Sai na ɗora yatsa a gaban motar na soma buga kiɗan, ina bin jitar daki-daki. Ya san waƙar nan fiye da yadda ya san hanyar asibiti. Ya bi yatsana da ido, leɓensa yana motsi kaɗan, yana ƙirga abin da ba ya ji. Muka yi ta tafiya a haka, ni ina bugawa, shi yana kallo. Da muka iso inda ganguna suke shigowa, na sauke tafin hannuna gaba ɗaya, gangunan suka faɗo tare da shi, daidai. Wannan ya ji.

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Tun yaushe?" in ji shi.

Na ce tun bara na ga sautin yana hawa.

Ya gyaɗa kai. Na zaci zai yi fushi, ko ya fita ya bar ni. Sai ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Ranar Alhamis na sallami wata jaririya. Na ce wa uwarta ƙirjinta wasai." Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira wani abokin aikinsa, ya ce a nemo iyayen yarinyar a sake duba ta yau, kada a kai gobe. Ya maimaita sau biyu da ƙarfi, don shi ba ya jin amsar sosai. Sannan ya buɗe ƙofa, ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi, bai waiwayo ba.

Na zauna a motar na daɗe kafin in iya hawa sama in ba Mama makulli.

Jaririyar lafiyarta ƙalau, haka aka tabbatar. Amma Baba bai riƙe wannan hujja ba. Da kansa ya je wurin shugaban sashensu ya faɗi abin da ke akwai. Aka auna kunnen, aka sa masa 'yan na'urorin ji a duka biyun, aka mayar da shi koyar da ƙananan likitoci har kwantiraginsa ya ƙare. Ba su sabunta ba. Aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, shi da Mama suka soma ɗaure kayan shekara da shekaru a kwalaye.

A watannin nan ban ƙara ɗaukar motar ba. Kunya ta dawo mini sabuwa, har ta fi ta da. Ina ganin ni na tsinke wa mutumin nan zamansa, na raba matata da iyayenta. Ita ba ta taɓa cewa haka ba, amma na sha ganin ta tana kuka a kicin tana naɗe kofunan Mama a jarida. In na je gaisuwa, Baba ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tsaya nan. Maganar mota ta fita daga gaisuwar, kuma rashinta ya dame ni fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa.

A motata na kai su filin jirgi, da hantsi. Ba a kunna komai ba a hanya. Wurin sallama na durƙusa, ya ɗora mini hannu a ka, ya wuce. Sai da muka dawo mota matata ta buɗe jaka ta miƙo mini makullin da na sani. Ta ce Mama ta ce Baba ya ce motar tawa ce, takardun suna cikinta.

Washegari bayan an tashi aiki na je Murabba. Tagogin gidansu a rufe, motar tana inuwar da na bar ta ranar nan, an wanke ta. Carbin yana nan a madubi. Na zauna, na murɗa makulli, na ɗaure jiki ina jiran ƙara.

Ba ƙara. Waƙarsa ce, an mayar da ita daidai farko. Sautin yana can ƙasa, ƙasa da inda na taɓa tarar da shi tun ranar farko, wurin siririn sautin ma an dawo da shi tsakiya. Jitar ta fito a hankali, ita kaɗai, kowane bugu a fili. A haka ya saurare ta ke nan, da na'urorin jinsa a kunne, kafin ya kashe motar. Na jingina kai da kujera na bar ta ta yi tafiyarta, kuma karon farko ban ƙosa ganguna su shigo ba.

Da na isa gida na tarar matata tana waya da Mama, sun sauka lafiya, Katsina ana ruwa. Ta rufe bakin wayar da hannu ta dube ni.

"Mama ta ce Baba ya ce a gaya wa Injiniya wai gyaran ya yi. Wane gyara kuma?"

Na ce mata na rediyon mota ne, ta ce wa Mama a gaya masa na ji.